Hannun da Yaya Bello ya nemi aro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Bello makwancinsa a bayan ƙauyenmu, can ƙarshen tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwan noma a Jazira. Na ɗauka in shekaru suka yi nisa kewa za ta yi sauƙi, ashe ba haka abin yake ba. Har yau in na sauka daga motar Wad Madani na hango dogon mutum da wando naɗe zuwa gwiwa, sai in ɗauka shi ne kafin hankalina ya dawo.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Da mahaifinmu ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sa aka rubuta hawasharmu, wato gonar da ke da takarda, da sunana, don ni na yi makaranta, ni zan iya da Larabcin ofis. Ni kuwa na tattara na tafi Madani koyarwa. Yaya ne ya zauna yana noma ta, sunana a takarda, ƙafarsa a laka. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai tsiya. Duk kaka zai aiko mini da buhun dawa da na gyaɗa, ya ce wa direba, "Ka ce a gai da mai gona."

Da aka ce manoma su kafa lajnar ruwa da kansu, kwamitin da zai riƙa tsara wa za a fara buɗe wa ruwa, mun yi murna. Sai ga ƙa'ida: ba mai ƙuri'a sai wanda sunansa ke kan takarda. To, da yawa daga masu sunan muna birni. Waɗanda ke kwana da tashi a gonar, ƙanne da yayye da masu noman raba-daidai, sai su zauna a bayan tabarma su saurara. Ruwa kuma kullum daga kai ake farawa, wato farkon tur'a, inda gonakin dattawa suke, kafin ya iso ƙarshe ya zama labari. Wata shekara dawarmu ta fitar da kai ta bushe a tsaye, Yaya yana kallo.

Abu biyu ya nema. Duk wanda ya noma gona shekara biyu a jere a ba shi ƙuri'a. Ruwa kuma a riƙa juya shi, wannan zagayen daga kai, na gaba daga ƙarshe. Bai karanta littafin siyasa ko ɗaya ba. Makarantarsa rediyo ce da yake ratayawa a reshen ƙirya, yana noma yana gardama da ita, wani lokaci har ya tsaya ya jingina da fartanya don ya ba mai labarai amsa. Da ya ga dole sai mai takarda ya goyi bayansa, sai ya hawo mota ya same ni a makaranta.

"Ustaz," ya ce, haka yake kirana in zai zolaye ni, "aron hannunka nika so, yini guda bas, ba ƙari. Nawa ba su ƙirga shi."

Na ce masa ya ɗauka an gama.

An yi taron bayan sallar Juma'a a gindin darbejiya. Shugaban lajnar surukina ne, mahaifin maiɗakina Hajara, kuma gonarsa ce ta biyu daga kai. Wanda bai san mu ba zai yi mamakin abin da zan faɗa. Mu Hausawan nan mun bar abubuwa da yawa a hanya tun zamanin kakanni, amma kunyar suruki ba mu bar ta ba. Ba na cin abinci a gabansa. Tun daga nesa nake cire takalmi. Sunansa ma ba na faɗa, kuma kun ga ko a wannan rubutu na jarida ban faɗa ba. Da aka ce masu goyon bayan maganar Bello su ɗaga hannu, dattijon bai harare ni ba, ko kallona bai yi ba, carbinsa kawai yake ja. Amma hannuna ya ƙi barin gwiwata. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Da na saci kallo gefe, sai na ga ba ni kaɗai ba ne, duk wanda ya auro daga gidajen dattawan nan kansa a ƙasa yake. Maganar ta faɗi.

A hanyar gida na so ƙasa ta tsage in shige. Da muka yi nisa, sai Yaya ya kama hannun nawa ya jujjuya shi.

"Ko ciwo shikai, Ustaz? In maishe ka Madani likita shi duba?" Ya yi dariya har da tari, sannan ya sake ni. "Ba laihinka ba na. Wa ka iya ɗaga ma surukinai hannu cikin taro? Tsarin za a gyara. A aje tulu biyu cikin ɗaki, guda na i guda na a'a, kowa shi shiga shi kaɗai shi jefa ƙwarar gyaɗa, khalas, an gama. Ka hito ka duƙa ka gai da Baba, kunya na nan, gaskiya na nan."

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Shekara huɗu yana kawo zancen tulun nan a kowane taro, daga bayan tabarma, ana yi masa dariya, ana cewa Bello yana so a yi zaɓe a ɓoye kamar satar kaza. Ni kuma sai na riƙa samun uzuri duk ranar taro, yau jarrabawa, gobe mura. Bai sake neman aron hannuna ba har ciwon da ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bai ga yaƙin nan da ya auka wa ƙasarmu ba, kuma wani lokaci nakan gode wa Allah da bai gani ba, don ban san yadda za a raba shi da gonar ba ranar da muka watse, wasu suka gudu garin Dindir, wasu Abu Hujar. Da muka dawo, tur'a ta cike da laka da ciyawa, har akuya na tsallake ta. Ba a jira kowa ba. Gayya aka yi, da shebur da kwando, kwana da kwanaki, kuma waɗanda suka shiga lakar har ƙugu su ne mutanen bayan tabarma. Mu masu takarda muna bakin gaɓa muna nuna musu inda ya fi zurfi. Na san abin da zai ce da ya gan ni ranar nan sanye da farar jallabiyata, kuma na ƙosa in ji shi.

Da yana nan da har yanzu yana gardama da rediyo. In ya ji ana taron manya kan dimokuraɗiyya da rabon arziki, tambayarsa ɗaya ce, wa aka bari a waje? A wajensa gyaran ƙasa ba ya wuce abu biyun nan da ya nema a gindin darbejiya: wanda ya yi wahalar abu a ji ta bakinsa, na ƙarshen layi kuma wata rana a fara da shi. Bai bar gona da sunansa ba, bai bar ɗaki mai rufin kwano ba. Hotonsa ma ɗaya ne, shi ma ya motsa lokacin ɗauka, bai fito sosai ba. Abin da ya bari shi ne maganar. Matasanmu da Larabcinsu ya fi Hausarsu suna faɗarta yanzu da Larabci, yawancinsu ba su san daga bakin wa ta fito ba, kuma na san hakan ba zai dame shi ba.

Watan jiya aka sake kafa lajna, wani mai noman raba-daidai, Isiyaka, ya kawo maganar ƙuri'a da ta juya ruwa. In faɗa tun da wuri, duka biyun sun wuce. Tulun ne ba a yarda da shi ba tukuna, don haka da hannu aka yi.

Surukina yana raye. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun tafi, amma an kawo shi an zaunar a gaba don girmamawa. Da aka ce a ɗaga, sai hannuna ya tashi ba wata wahala, har na ji daɗin kaina. Daɗin bai daɗe ba, don nan take na gane abin da ya sa ya tashi da sauƙi: dattijon ba ya gani. Abin da Yaya ya roƙe ni ya fi wannan tsada. Na gyara murya, na faɗa yadda duk taron zai ji.

"Baba, mijin Hajara na. Na ɗaga hannu."

Ya tsayar da carbin, ya karkato kunnensa wajena.

"Na jiya ka," ya ce a hankali. "Amma ba ni ya kamata ka gaya ma ba."

Na gane Yaya yake nufi. Hannun yana sama har aka gama ƙirga, har mutane suka fara neman takalmansu, sai da Isiyaka ya zo ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ustaz, sauke, an gama."