Ranar da surukina ya ga kansa a littafin yara

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamare a Yelwa, na rubuta wa yara wani ɗan littafin ban dariya. Labarin wasu korayen halittu ne daga wata duniya, jirginsu ya faɗo tafkin Kainji. Shugabansu mai tsawa ne, ba wanda ke iya dariya a gabansa, shi ya sa ba shi da aboki ko ɗaya. Abokina mai zane shi ya yi hotunan.

Sai da aka buga na lura da ta'asar da ya yi mini. Shugaban nan, in ka cire idonsa na uku, surukina ne sak: hular, gemun, har tabon da ke kan girarsa. Surukina kuwa Sarkin Ruwa ne a wani ƙauyen masunta wajen Ngaski, mutumin da ko gaisuwa sai na yi addu'a nake zuwa yi masa. Abokina ya rantse hannunsa ne ya kai shi, a wajen ɗaurin aurena ya taɓa ganinsa.

Kafin in tattara littattafan, 'ya'yana sun tafi da ɗaya hutu gidan kakansu. Ba a jima ba aka aiko in zo.

Matata ta ce, “In Baba ya ce in bar ka in koma gida, wallahi komawa za ni yi.” A cikin kwale-kwale gumi nake yi, ga iska tana kaɗawa.

Na tarar da shi a zaure, littafin a kan cinyarsa, dattawa zaune kewaye da shi. Na durƙusa na gaida shi, bai amsa ba.

“Malam, wanga mai ido uku, ni na?”

“Ranka ya daɗe, kuskuren mai zane...”

“Ban tambaye ka mai zane ba. Jikokina sun karanta mini. Sun ce kowa na tsoro nai, ba shi da abokin hira. Haka kuke ganina?”

Ƙarya ba ta zo ba, gaskiya kuma ta fi ƙarfina. Na sunkuyar da kai kawai.

Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama kallon tabarma. Can ya yi ajiyar zuciya.

“Tun da aka naɗa ni, ba wanda ya faɗa mini gaskiya, sai dodon takarda.” Ya miƙo mini littafin. “Zauna nan kusa. Yaran sun gudu ba su kai ƙarshe ba. Karanta mini yadda ya yi ya samu aboki.”

Na shiga karantawa. Da muka zo inda shugaban ya zame ya faɗa cikin laka, wani dattijo ya kasa daurewa, ya fashe da dariya. Surukina ya harare shi, sannan shi ma kafaɗarsa ta fara girgiza.

Har yau in na tuna, tausayi ne ke kama ni. Duk tsoron da muke yi masa, ba mu taɓa tunanin kewa ke damunsa ba.