Kawuna da Tashar da Muka Yi Ta Jira

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar ƙauyenmu, can bayan Keita a ƙasar Adar, labari ya zo cewa za a buɗe sababbin gidajen rediyo har biyu, kuma na AM, wato matsakaicin zango. Ku na birni ba za ku gane abin murnar ba. Ƙauyenmu a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, FM kuwa ba ta haye dutse. In kana son labarai sai ka hau tudu da rediyonka kana juya shi kamar mai neman alƙibla. AM ce ke saukowa har ƙarƙashin rumfa.

Wani direba ne ya kawo maganar, shi ma a bakin fasinja ya ji. Ba wanda ya san masu tashoshin balle inda za a kafa su, amma wannan bai hana fadarmu ta shayi tsara musu shirye-shirye ba. Wani abokina ya rantse ɗaya ta wa'azi ce, safe da yamma. Wani ya ce kokawa za a riƙa sawa, da gaisuwar ƴan ci-rani daga Abijan. Ni kuwa, da yake ni ne mushe, wato malamin makaranta, na gyara zama na bayyana musu cewa AM tsada gare ta, don haka labarai za a yi da Faransanci, sai ɗan farashin albasa. Da tabbaci na faɗa, sai ka ce da ni aka yi shawarar.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba ɗan fada ba ne, amma rumfarsa na kusa, duk gardamar nan a kunnensa. Makaɗin ganga ne. Zamanin aikin gyaran ƙasa, da mata ke ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a gangare don tare ruwa, shi ke yi musu kiɗa, yana ba da waƙa suna amsawa. Waƙoƙin nan ba su a kaset, ba su a takarda, sai a kansa. Ga tsufa, ga wani tari da ya fara damunsa.

Ran nan ya kira ni. "Kai mushe, wagga radiyo da kuka ta hwaɗi, tana sa ganga?"

Na ce, "Wataƙila, Kawu."

Shi ke nan, ya ɗauki wataƙilar nan ya riƙe. Ya sake wa gangar fata, ya aika wa tsofaffin ƴan amshinsa cewa su shirya. Mahaifiyata da ke jin tarinsa ta ce in ɗauke shi a salula tun da sauran murya. Na je da maganar, ya dube ni sama da ƙasa.

"Waƙar da aka ɗauki dutse da ita za ka sa aljihu? Gobe ka share ta ka sa hoton ƴan ƙwallo. A'a. Radiyo za ta, Adar duka ta jiya."

Na sake gwadawa sau da yawa, har ya ce in na ƙara zai haɗa ni da uwata.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Tasha ɗaya ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ɗayar aka buɗe ta can ƙetaren iyaka, kuma tana shigowa kwarinmu tar. Wa'azi ne, da tallar magani, da kokawa, babu ko kalma guda ta Faransanci. Abokina har yau bai bar ni na manta ba. Amma akwai filin waƙoƙin gargajiya, kuma wata ranar kasuwa wakilinsu ya iso ƙauyen da na'urar ɗaukar murya.

Kawu ya sa babbar rigarsa, tsofaffin matan suka zauna a bayansa. Ya ɗora ganga, hannu kam yana nan yadda yake. Ya buɗe baki, sai iska. Ya sha ruwa ya sake, bai fi raɗa ba. Wakilin ya kai hannu zai kashe na'ura, ɗaya daga cikin matan ta ce, "Bar ta, ɗana." Kawu ya ci gaba da kiɗa, su kuma suka riƙa jira daidai tsawon baitinsa ya wuce, sannan su amsa. Haka suka yi har ƙarshen waƙar.

Yau in na ji matasa suna gardamar abin da wata sabuwar tasha za ta sa, ba na tsoma baki, na ƙoshi da duba. Abin da ke damuna dai shi ne na san amshin nan duka, yarana ma sun sani, amma abin da ake amsawa ɗin ya tafi.

An sa kiɗan a rediyo ƴan makonni bayan zuwan wakilin nan, muka saurara a rumfarsa. Ganga, shiru, sannan muryoyin mata. Na zaci ransa zai ɓaci. Da aka gama sai ya jawo ni kusa, don ba a jin sa daga nesa, ya ce, "Ka jiya? Ko guda ba ta shiga wurina ba."