Na Ɓoye Ciwona Na Ɗauki Fasinja

A lokacin ni direban bas ne, ina jigilar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja kowace safiya, ga ni da taurin kan tsiya. Wata rana na hau acaɓa zan koma gida Kurmin Sarki, ba hular kwano, muka kife, kaina ya bugi bakin kwalbati. Bayan wata biyu na yanke jiki na faɗi a tsakar gida ina jijjiga, kumfa na fita a bakina. Likita ya ce farfaɗiya ce, buguwar ce ta bar tabo a ƙwaƙwalwa. Ya ba ni maganin da zan riƙa sha kullum, ya kuma hana ni tuƙi har sai ya amince.

To amma a tasharmu, da an ji kalmar farfaɗiya shi ke nan, ba mai sake haɗa kwano da kai. Na ja wa matata kunne kada kowa ya ji, na koma bakin aiki. Da na ga maganin yana sa ni gyangyaɗi, maimakon in koma wurin likita, sai na watsar da shi. Matata ta roƙe ni har da kuka, na ce ta rufe mini baki.

Ranar da abin ya dawo, mota cike take. A gaba akwai wata malamar makaranta, Kirista, wadda kullum motata take jira, wai don ba na gudu. Ban san komai ba sai farkawa na yi a gefen titi, motar tana cikin rami. An ce mutane sun ja da baya suna tsoron yawuna, wani kuma ya taho da cokali zai cusa mini a baki. Malamar nan ce, da karyayyiyar ƙafarta, ta jawo jiki ta hana shi, ta juya ni gefe, ta sa jakarta ƙarƙashin kaina.

Yanzu ba na wasa da magani, aikin lodi nake yi a tasha. Na gane ciwon ba abin kunya ba ne, ɓoyewar da na yi ce abin kunya. Duk wanda ya bugu a kai ya je asibiti, kuma kada ya yanke magani da kansa, balle ya ɗauki rayukan mutane a mota. Malamar har yau da sanda take tafiya. Kowace safiya sai ta tsaya ta tambaye ni ko na sha maganina, ni kuwa har yanzu ban iya ɗaga ido na dube ta ba.