Goyo a Bakin Binuwai

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana. Kunya ce, in ji manya. In tana son muciya sai ta dubi bango ta ce wani ya miƙo muciya. Ni ne wanin nan.

Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a ƙetaren kogi, ban dawo Garwa ba sai da na fara famfara. Na tarar da ƙanena ɗare-ɗare a bayanta. Lokacin Jamusawa ne a bariki, mahaifina ke kai musu nama kowace safiya, to ni ma sai na kama sana'ar gida da sauran haƙoran da suka rage mini. Na ciji 'ya'yan maƙwabta, na ciji mai kawo mana nono, har akuya na ciza, kuma ina shaida muku ba daɗi. Malam ya yi mini rubutu, na shanye, na ciji allon. Kakata ta ce iskokin kogi ne. Ni dai abin da na sani, duk ranar da na yi cizo, mahaifiyata takan ɗago kai ta dube ni kafin ta tuna.

Wata rana da damina jirgin ruwan kamfani ya iso, na bi yara kallo a bakin kogi. Suka watse, ni kuwa na kwanta cikin wani kwalekwale da aka jawo gaɓa. Ashe zazzaɓi ne a jikina. Ruwa na ta lasar katako, sama ta yi taushi, na ga dorinai suna tafiya cikin gajimare a hankali, kowace da ɗanta a baya.

Sai na ji an ɗaga ni. Mahaifiyata ce, ita kaɗai. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta sunkuya ta goya ni, ƙato da ni, ƙafafuna na reto har gwiwarta. Bayanta na ƙanshin hayaƙi da man shanu. Kunnena na manne tsakanin kafaɗunta, ta nan na ji sunana yana tasowa daga cikin ƙashi, ƙasa-ƙasa, tana ta maimaita shi duk tsawon hanya.

Da muka hango gidajen farko ta sauke ni, ta gyara ɗankwali.

"Kada ka gaya wa kowa," in ji ta.

Na riƙe mata wannan har ta koma ga Allah, har yau da na samu takarda. Allah ya sa ba a koya mata boko a can ba.