Awarwaron Inna a Cikin Faifai

Damina tara ke nan da muka kai Yaya Bashari makwancinsa, kuma har yau in na bi ta layinmu a unguwar New Bell ta Douala sai na waiga inda rumfarsa take. Wani ne yanzu ke sayar da caja da murfin waya a wurin.

Sana'ar Yaya zuba wa mutane waƙa ce, amma Allah ya jiƙansa, akwai taurin kai. Abokan sana'arsa suna matse waƙoƙi su cusa tuli a katin waya ɗaya, shi kuwa in ya sa faifan CD a kwamfuta sai ya kwafe shi cif yadda yake, babu ragi, a irin fayil mai nauyin nan da ake kira FLAC. In faifai ya yi gardama, ya goge shi da tsumma ya sake daga farko. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, wa zai ji bambancin a hayaniyar Douala?" Sai ya ce, "Écoute bien, saurara da kyau, ɗan'uwa. Kunnenka ne ya saba da ƙanzo."

Wata rana ya ɗora mini abin sauraronsa a kunne, ya kunna faifan Inna. Mahaifiyarmu zabiya ce, ita ke raya bukukuwan matan unguwa, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarta da na'urar kirki, a wani biki a unguwar Nylon, kafin ta rasu. Na sha jin waƙar a waya. Amma ran nan na ji inda take jan numfashi kafin ta ɗaga murya, na ji awarwaronta yana bugun bakin ƙwarya. Na cire abin na fita waje don kada ya ga idona.

Yaya ya san laimar garin nan ba ta barin faifai ya tsufa, cin bayansa take yi har ƙyallin ya ɓare. Shi ya sa ya tattara komai cikin wani ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu, wanda yake kira disque dur.

Bayan sadakar arba'in na koma Garwa wurin aiki, 'yan'uwa suka zauna rabon kayansa. Da zuciya ɗaya suka yi. Sun ga fayafayai suna ƙyalli, ga sunan Inna da rubutun hannunsa, suka ce ai nan dukiyar take. Aka naɗe su a zane, aka adana a ƙarƙashin gadon yayarmu Asabe. Ɗan akwatin kuwa aka ɗauke shi a matsayin kayan jikin kwamfuta, ya bi ta zuwa kasuwa. Da na gano wanda ya saya, sai ya ce, "Malam, ai tun ranar na yi formater ɗinsa, na goge komai. C'est fini, shi ke nan." Fayafayan da aka lallaɓa kuma, ruwa ya shiga ɗakin Asabe wata damina ya jiƙa su. Na Inna yana kai tsakiya yake tsayawa.

Ban ga laifin kowa ba, amma abin yana cina. Yau kowa da waƙa a aljihu, kuma ta Inna tana nan tana yawo a wayoyin matan unguwa, an matse ta an sake matsewa har muryar ta koma kamar daga cikin randa. Da Yaya zai ji, na san tsaki zai ja ya tashi. Ko kuwa zai ji daɗi ba a manta da ita ba? Ban sani ba.

Abin da ya bar mini dai kunne ne. Kwanan baya Asabe ta kunna waƙar a wayarta, na ce mata daidai nan ne awarwaro ke bugun ƙwarya. Ta kasa kunne, ta ce, "Wane awarwaro kuma?"

Mu biyu muka taɓa jin sa, ni da Yaya. Saura ni, kuma kunnena ya fara nauyi.