Maganin Malam Habu da Azumi

Har yau ban manta da ranar da aka shigo mana da Malam Habu fuskarsa a naɗe da rawani ba. Cikin azumin shekarar dubu biyu ne, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori a Agege ta Legas, kafin in ajiye aiki in zauna gida. Ni ce mataimakiyar Dakta, wata Bayarabiya mai tsananin tsafta. Aikina dafa kayan aiki, miƙa mata abin da ta nema, da yin tafinta idan mutanenmu Hausawa suka zo.

Malam Habu dattijo ne daga wajen Sakkwato, yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Saura kwana biyu a ɗauki azumi ya zo da haƙorin tauna na ƙasa wanda ya ruɓe har dasashin ya tara mugunya. Dakta ta cire, ta sa masa auduga ya danne, ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar. Ni na yi masa bayani: sau uku a rana, bayan ya ci abinci, kada ya tsallake. Ya ce, "To ɗiyata, Allah shi yi albarka." Ya tafi.

Bayan kwana shida, ana gama azahar, abokin sana'arsa Malam Isa ya riƙo shi suka shigo. Na kai hannu na warware rawanin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kumburi ya tashi daga muƙamuƙi ya cika ƙarƙashin haɓa har wuya. Na taɓa, tauri kamar katako, ga zafi. Harshensa ya turo sama, yawu na zuba don ba ya iya haɗiya. Numfashinsa har daga ƙofa ana jin sa. Na jawo masa kujera.

Na ce, "Baba, ka zauna ko in shimfiɗa maka?"

Dakta ta daka mini tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce kada in kuskura in kwantar da shi, harshen zai toshe hanyar iska. Ta ce in tambayi maganin.

Malam Isa ya zaro ƙullin daga aljihu, fiye da rabin maganin yana nan. Ya ce, "Kwana biyu ya sha, sai aka ga wata. Ya ce tunda da rana ba a ci, bari ya aje sai bayan salla ya ƙarasa. Da ya fara kumbura mun gasa mai da ruwan zafi, mun cusa mai garin taba a ramin haƙorin. Malama, mun yi iya yinmu fa."

Dakta ba ta azumi, ba za ta tuna ba. Amma ni a makon nan ina ta sayen gero da tsamiya, kuma da bakina na ce masa sau uku a rana, ban ƙara komai ba.

Da Dakta ta ɗauko allura, sai Malam Habu ya janye hannunsa, ya nuna sama da yatsa, wai rana ba ta faɗi ba. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, Allah da ya wajabta azumi Shi ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Don girman Allah ka ba mu hannunka." Malam Isa ya ce, "Habu, kai da ka karantar da mu, yau yarinya ka tuna maka?" Malam Habu ya daɗe yana kallona, idonsa ya cika da hawaye, sannan ya miƙa.

Wannan ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti irin namu. Dakta ta rufe ƙofa, muka ɗauki tasi zuwa babban asibiti a Ikeja, yana zaune a tsakiyarmu ya sunkuyo. Muna cikin cunkoso ina ƙirga numfashinsa ina salati. A can aka tsaga ƙarƙashin haɓarsa aka fitar da mugunyar, aka ɗaura masa ruwa. Likitan ya ce da ya ƙara kwana, sai dai wani labarin.

Ya tashi, alhamdu lillahi. Da na je gaishe shi, da ƙyar ya ce, "Ɗiyata, na ƙi shan azumi uku, ga shi na sha sauran watan gaba ɗai."

Ku da kuke wannan aikin yanzu, ku sani mutanenmu ba taurin kai ke sa su haka ba. Suna tsoron Allah fiye da ciwo, kuma suna jin nauyin tambayar likita. Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa magani sai na tambaye shi yadda wuninsa yake, mu zauna da Dakta mu ga ko za a daidaita maganin da sahur da buɗa-baki, ko kuwa dole ya sha azumin. In dole ne, ni nake fara faɗa masa, don na san shi ba zai tambaya ba.