Gaba Arba'in ta Muntari Mai Igiya

Kullum aka idar da sallar asuba, kafin mata su fito da jarkoki, Muntari Mai Igiya yana bakin rijiya. Zai ɗaura dutse a igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, ya zura sannu a hankali yana ƙirgawa har dutsen ya taɓa ruwa. Ya jawo, ya lasa, ya rubuta lamba a tsohon littafinsa. Daga ƙulli zuwa ƙulli gaba guda ce, wato tsawon hannuwansa biyu in ya buɗe su. Shekara talatin da bakwai ya yi yana haka, daga Tamaske zuwa Tabotaki har Bangi, rijiyar da ya gina da wadda ya tarar. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

Ina rubuta jinjinar nan raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba.

Ku tuna shekarar korona. Rediyo kullum jera ƙasashe take: waccan ta binne dubu kaza, wannan ɗari kaza, masana na ta gardamar abin da ya sa cutar ta zo mana da sauƙi. Daga nan a rufe da "ku wanke hannu". Da me, don Allah? A Tudun Jima, wani ƙauyen kan dutse a yankin Tabotaki, rijiya ta daɗe da ruftawa. Tabawa ungozoma tana karɓar haihuwa da ruwan da bai cika buta ba. "Ɗana," in ji ta, "in na wanke hannu sau biyar, da mi za a dama ma mai jego kunu?"

A shekarar ne wasu masu furoje, wato aikin raya karkara, suka zo zana taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa, don a san inda za a haƙa foraji, wato rijiyar burtsatse. Aka nuna musu Muntari. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya miƙa littafin da hannu biyu. Suka ɗauki hoton kowane shafi da waya, suka hau mota. Ko tambaya ɗaya ba su yi masa ba. A gaban sunan Tudun Jima ya rubuta arba'in, zurfin tsohuwar rijiyar da ubansa ya gina. Su kuwa suka karanta mita arba'in. Injin haƙa ya zo, ya haƙa mita arba'in da biyar, ƙura kawai ya tayar. Aka naɗe kaya, aka shafa wa ƙauyen jan launi a taswira: nan babu ruwa, kada a sake ɓata mai. Haba jama'a! Gari guda da yara da dabbobi, an yanke masa hukunci da jan fenti.

Da labari ya iske Muntari, bai yi zagi ba. Ni ne ma ke yi a madadinsa yau. Ya naɗe igiyarsa, ya hau motar kasuwa zuwa Buza, ya kwana uku yana zuwa ƙofar ofishin furojen, ana cewa injiniya na taro. Rana ta huɗu injiniyan, wani Abdulrazak, ya fito zai shiga mota, sai ya tarar da igiya shimfiɗe tun daga ƙofa har titi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Mushe injiniya, wa yac ce maka mita ta? Gaba ta! Ɗauko abin awonka ka auna."

Abdulrazak ya auna, ya sake aunawa. Gaba arba'in ta haura mita saba'in. Mai gadi ya shaida mini injiniyan ya ce, "Mun tsaya a tsakiyar hanya ke nan." Shi dai ya ji kunya, Allah ya saka masa. Bayan damina injin ya koma, ruwa ya ɓulɓulo a mita saba'in da uku. Tabawa ta wanke hannuwanta har gwiwa tana kuka.

Ranar buɗe famfo an kafa allo, sunaye jere a kai. Na karanta sama da ƙasa, babu Muntari. Kura da shan bugu, gardi da kwasar riba.

Baba Muntari, kai ne ka shiga cikin ƙasa muka sha a sama. Kai ne ka san inda ruwan Adar yake da ɗaci da inda yake da gardi, ba ka taɓa ɓoye wa baƙo ba. Na gaida mai igiya! Mun gode, Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu.

Bana ya aje aiki. Kafaɗarsa ta dama ta ƙage, hannun ba ya miƙewa, gabarsa ta yau ba ta kai ta littafi ba. Ku matasa, ku je ku zauna gabansa, ku koyi ƙulli, ku koyi haƙurin aunawa kullum. Ku kuma masu taswira, Tudun Jima kaɗai kuka gyara. Akwai ƙauyuka goma sha ɗaya da kuka kwashe daga littafin nan, har yau ja ne a takardarku, matansu na tafe da jakai neman ruwa tun hantsi. Mutumin yana nan Tabotaki, ƙarƙashin itacen bedi, igiyarsa a gefe. Ku zo ku tambaye shi tun yana iya amsawa.